Ladanin da Ba Ya Cikin Jeri

Ranar da aka ba Najiba aikin rubuta ƙa'idar rabon tarakta, murna ta yi, Allah sarki. Ƙungiyar manoman da take yi wa aiki a Malumfashi ta samu taraktocin tallafi daga Abuja, manoma kuwa ga su nan birjik, kowa so yake a fara da gonarsa. Bara da aka bar rabon a hannun mutane, sai da aka ba hammata iska a ƙofar ofis, har hular wani dattijo ta faɗa kwata. Shi ya sa bana manaja, Malam Abdussamad, ya rantse kwamfuta ce za ta yi rabo, tunda ita ba ta da suruki balle ɗan unguwa. Duk ofishin kuwa Najiba kaɗai ta iya rubuta wa kwamfuta umarni, a Zariya ta koyo.

Sharaɗi biyu aka ba ta. Na farko, mutum ya kasance ɗan ƙungiya. Na biyu, kada ƙauyensa ya kasance cikin ƙauyukan da mutanen daji suka addaba, don masu tallafin sun ce ba su sayi tarakta don a kai wa ɓarayi har gida ba. Kafin shayinta ya huce ta gama rubutawa:

if suna in mambobi and kauye not in hadari:
    tura_tarakta(suna)

Ba wani abin tsoro a ciki. Cewa kawai ta yi, in sunan mutum yana cikin jerin mambobi, kuma ƙauyensa ba ya cikin jerin wuraren haɗari, a tura masa tarakta. Sai dai wannan 'yar kalma ta tsakiya, and, wato “kuma”, ba ta da mutunci ko kaɗan. Sai duka biyun sun tabbata take buɗe ƙofa. Ɗaya ya faɗi, shi ke nan, ko kai ne ka kafa ƙungiyar.

Ta fara gwadawa da sunayen da ta sani. Na nan ya wuce, na can ya wuce. Sai ta sa sunan mahaifinta, Malam Jibo, tana 'yar dariya. Kwamfuta kuwa amsa biyu kawai ta sani, gaskiya da ƙarya. Ta duba jerin mambobi, ta gan shi. Ta duba jerin haɗari, ta ga ƙauyensa, Rafin Kanya, zaune daram. Ta ce ƙarya.

Najiba ta daina dariya.

Malam Jibo shi ne ladanin Rafin Kanya tun kafin a haife ta. Da kakar bara mutanen daji suka shiga garin da rana tsaka, suka kora duk wata dabba mai ƙafa huɗu, har da shanun huɗarsa da yake ji da su. Gari ya watse. Ya kwaso matarsa Hansai, mahaifiyar Najiba, zuwa Kafur, gidan ƙanensa, aka ba su ɗaki a bayan rumbu. Wani abokinsa na ƙuruciya, Alhaji Maiwada, ya ara masa gona a bakin titi, wuri lafiyayye da ko mace za ta je ita kaɗai. Gona dai ta samu, amma babu shanu, bayan Malam Jibo kuma ya daɗe da gajiya da sunkuyo. In tarakta ba ta shiga gonar nan ba kafin ruwan shuka ya wuce, bana ma daga rumbun ƙanensa zai ci. Mutumin da a da shi ke auna wa dangi hatsi, wannan ya fi masa ciwo fiye da shanun.

Najiba ta kwashi kwamfutarta sai ofishin manaja.

“Malam, akwai gyara. Mutanen da suka baro ƙauyukan nan fa? Suna nan cikin gari suna noma a wuri lafiya, amma rajistarsu tana ɗauke da sunan tsohon ƙauye. Ƙa'idar nan duk ta zubar da su.”

Malam Abdussamad mutum ne mai son a zauna lafiya, ba ya son abin da zai sa a kira shi daga Abuja. Ya sosa ƙeya ya ce, “To ai akwai jerin 'yan gudun hijira da kwamiti ke riƙe da shi. Duk wanda ya zo ya shaida ya bar ƙauyensa, ya dangwala yatsa, yana ciki. Ki haɗa da shi. Amma fa Najiba, iyakarsa ke nan, kada ki buɗe mini ƙofar da ba zan iya rufewa ba.”

Ta koma ta gyara layin:

if suna in mambobi and (kauye not in hadari or suna in hijira):

Ita or, wato “ko”, tana da sauƙin kai, ɗaya ya tabbata ya wadatar da ita. Najiba ta killace ta cikin baka biyu don kada sauƙin kan nata ya kwaso har waɗanda ba 'yan ƙungiya ba. Yanzu ɗan ƙungiya yana da hanya biyu, ko ƙauyensa ya zama lafiya, ko sunansa ya shiga jerin hijira. Da ta gwada, mutane da yawa da aka zubar suka dawo. Ta ji daɗi har ranta. Saura kawai Baba ya je ya dangwala yatsa, aikin da bai kai shan ruwa ba.

Haka take gani, don ba ta gama sanin uban da ya haife ta ba.

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Kafur. Ta same shi a inuwar zaure, ya kifa kekensa yana faci. Keken nan shi ne abin faɗansa da Hansai, don duk mako sai ya hau shi ya tafi Rafin Kanya, ya share masallaci, ya kira azahar ga bangaye da kaji biyu-uku da suka koma na daji, ya yi sallarsa shi kaɗai, ya juyo kafin la'asar. An yi faɗa, an yi lallashi, an haɗa shi da limamin unguwa, ko a jikinsa.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo zancen a hankali, ta bi ta nan ta bi ta can, sannan ta sauka kan dangwale.

“Jerin me kika ce?”

“Na waɗanda suka taso daga ƙauyukansu, Baba.”

“Faɗi sunansa yadda yake.”

Ta sunkuyar da kai. “Na 'yan gudun hijira.”

Ya ajiye tayar a hankali, ya goge hannu a gefen riga. “Wa ya yi hijira? Ni zuwa na yi wajen ɗan'uwana kafin ƙura ta lafa. Baƙo ne ni a gidan nan.”

“Baba, suna ne kawai a takarda. Ba wanda zai hana ka komawa.”

“Ke yarinya ce, Najiba. Mai gari ya dangwala, liman ya dangwala, kowa ya dangwala. Ni kaɗai na rage. Garin da ake kiran salla a cikinsa gari ne. Ranar da ladani ya tsaya gaban mutane ya ce ya bar shi, ya zama kufai. Kabarin uwata yana can, na kakanki yana can. Da bakina kike so in ce a kufai suke kwance?”

“To huɗar fa? Ruwa ya kusa.”

“Allah yana sane da ita.”

Ya ɗauki tayarsa ya ci gaba da shafa gam. Wannan shi ne ƙarshen zance a wajen Malam Jibo. Najiba ta shiga cikin gida ranta a jagule, ta tarar da Hansai tana tsince wake.

“Kin ji da kunnenki ko?” in ji Hansai, ko ɗago kai ba ta yi ba. “Ni na gaji. Mutumin nan in ya kafe, ko da igiya ba ki ja shi.”

Najiba ba ta haƙura ba. A mota ma tunanin take yi, har ta kusa wuce tasha. Matsalar a fili take. Kwamfuta ta san wanda ke ciki, ta san wanda ba ya ciki, amma ba ta san mutumin da jikinsa ke Kafur ransa ke Rafin Kanya ba. To, in babu jerin da ya dace da shi, me zai hana a ƙirƙiro masa? Ai ba shi kaɗai ba ne, dattawa irinsa masu taurin kai suna da dama. Abin da ya haɗa su shi ne duk aron gona suke yi. Ta ƙara wata or ɗin, ta buɗe sabon jeri ta sa masa suna masu_aro. Ba sai mutum ya ce ya yi hijira ba, mai gona kawai zai sa hannu cewa ya ara masa.

Malam Abdussamad ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda, da sharaɗin lallai sa hannun mai gona ya kasance a rubuce.

Ta tafi wajen Alhaji Maiwada da takardarta, tana ganin an gama. Ya karɓe ta hannu bibbiyu a shagonsa na taki, ya sa aka kawo mata lemo, ya tambayi aiki, ya yi ta sa mata albarka. Da ta miƙa masa takardar, sai ya riƙe ta da yatsu biyu kamar ta fito daga wuta.

“'Yata, gonar nan na ba Jibo, ya noma ta har ranar da ya gaji. Ko buhu ɗaya ban nema ba. Amma aron gona da baki ake yinsa.”

“Alhaji, shaida ce kawai ga ofis.”

“Na sani. Yau shaida ce ga ofis. Gobe ni na mutu, Jibo ya mutu, jikokinsa su tono takarda su ce kakansu yana da hannu a gonar, nawa su ce ƙarya ne, sai gaban alƙali. Zumuncin da muka riƙe tun muna kiwon awaki, takarda ɗaya ta kashe shi. Na ga an yi a garin nan, ba labari aka ba ni ba. Ki yi haƙuri, wallahi ba rowa ba ce.”

Ba rowa ba ce kuwa, shi ne abin haushin. Ta zaga wajen wasu masu gonakin, duk bakinsu ɗaya, kai ka ce taro suka yi. Sabon jerin nata ya zauna fayau, babu suna ko ɗaya. Jerin da babu kowa a ciki kuwa, duk sunan da ka tambaya ko yana ciki, amsar ƙarya ce. Layin ya yi tsawo, ya yi kyau a ido, ga baka ga sharuɗɗa, amma ga Malam Jibo bai canza komai ba.

Sai ruwa ya sauka.

Taraktoci suka bazu. Kullum da safe manhajar Najiba ke fitar da sunaye, a tura wa direbobi a waya, ba faɗa ba zagi. Malam Abdussamad har yabonta ya yi gaban baƙi daga Abuja, aka tafa mata. Ita kuwa ji ta yi kamar ta nutse. Duk ranar da ta bi titin Kafur, tana ganin gonakin gefe sun sha huɗa, ƙasa ta yi baƙi, wasu har masara ta fara tsiro. Gona ɗaya ce a tsakiya kore shar da ciyawa.

Wata ranar ta sa direba ya sauke ta a wurin. Ta hango su can ƙarshen gonar, Malam Jibo da garmar hannu, Hansai tana bin sa da ƙwaryar iri. Ya sara, ya sara, ya tsaya ya dafe ƙugu, ya daɗe kafin ya sake sunkuyawa. Abin da suka yi tun safe bai fi faɗin tsakar gida ba. Da ya gan ta sai ya miƙe tsaye da sauri, yana murmushi wai kada ta gane. Hansai ce ta rako ta bakin titi.

“Jiya da hannu na miƙar da shi daga kan sallaya,” ta ce da ita ƙasa-ƙasa. “Wai ke ba ke ce mai kwamfutar ba? Duk garin nan cewa ake 'yar Jibo ce ke rabon tarakta. Ina amfanin karatun?”

Maganar nan ta soki Najiba, ta kwana biyu tana cin ta. Hanyoyin duk ta san su. Tana iya mai da and ta farko ta koma or, sai dai ranar taraktoci za su nufi kowane lungu har da inda ake ɗauke mutane. Tana iya zare Rafin Kanya daga jerin haɗari, amma akwai 'yan ƙungiya da gonakinsu ke can, manhaja za ta tura direba cikin daji ya je ya gamu da ajalinsa. Wannan kam ba za ta iya ba. Hanya ɗaya ce ba ta cutar da kowa, a ganinta. Jerin hijira yana cikin kwamfutarta. Wa zai bi diddigin dangwale ɗaya cikin wannan tulin? Baba ba ya karanta boko, ba ya zuwa ofis. Tarakta za ta zo, ya ɗauka rabonsa ne ya tsaga.

Da rana tsaka, ofis cike da mutane, ta rubuta sunansa a ƙarshen jerin. Ta gwada. Kwamfuta ta ce gaskiya.

Abin da ta manta shi ne saƙon da ke zuwa wayar direba yana nuna ta hanyar da mutum ya cancanta, ita da kanta ta tsara shi haka don masu tallafi. Direban da aka tura kuma Mannir ne, mutumin kirki, amma bakinsa ba ya da linzami, muryarsa kuwa ta fi ta taraktarsa. Da hantsi ya faka a bakin gonar, manoman gefe suka taru kallo kamar yadda aka saba. Ya ɗaga waya ya kwarara kira.

“Ina Malam Jibo? Jibo na jerin 'yan gudun hijira! Baba, matso ka nuna mini iyaka, yau kakarka ta yanke saƙa!”

Wasu suka yi dariya, ba da mugunta ba. Wani ya ce, “A'a, ladan, ashe dai an dangwala? To madalla, ai gara haka.”

Malam Jibo ya tako a hankali har gaban taraktar. Ya ce Mannir ya sake karantawa. Mannir ya sake, wannan karon da 'yar ƙaramar murya, don ya fara shan jinin jikinsa.

“Ɗana, ka yi ɓatan kai. Babu mai wannan suna a nan. Juya da motarka.”

“Haba Baba, ga ni ga gona, kafin azahar na gama maka ita tas!”

“Na ce ka juya.”

Hansai ce ta kira Najiba a waya, tana magana numfashi na sarƙe ta. Najiba ta bar kwamfuta a buɗe, ta tare ɗan acaba tun daga Malumfashi. Kafin ta iso, Malam Jibo ya riga ya je shagon Alhaji Maiwada, ya yi masa godiya, ya mayar masa da gonarsa. Alhaji ya yi rantsuwa, ya yi magiya, har ya riƙe masa riga, bai saurare shi ba.

A bakin hanyar da ta ratsa gonaki ta nufi daji ta same shi. Ya ɗaure garma a jikin keke, ga ƙullin irin masara da buta da 'yan kaya a baya. Hansai tana tsaye nesa kaɗan, ta rufe baki da mayafi.

Najiba ta zube a gabansa, gwiwoyinta cikin taɓo. “Baba, ni ce. Ni na rubuta, ba kowa ba. Don Allah ka yafe mini. Yanzu-yanzu zan koma in goge, wallahi ko alamarsa ba za a gani ba.”

Ta so ya yi faɗa. Da ya zage ta, da ya ɗaga hannu ma, da ta ji sanyi. Amma sai ya dube ta da tausayi, wannan ya fi komai karya mata zuciya.

“Na san ke ce. Na kuma san don ni kika yi. Tashi, kina ɓata kayanki.”

“To ka sauke kayan, Baba.”

“Kin goge a kwamfuta, a kunnen mutane fa? An kira ni da sunan nan gaban jama'a, sun ji, har sun yi mini barka. In na ci gaba da zama a Kafur, abin da kika rubuta ya zama gaskiya.”

“Can babu kowa! Ko jiya an ce an ga baburansu a bakin rafi. Wa zai ji ka in wani abu ya faru? Ko waya ba ta shiga!”

“Gonata tana can, ba ta aro ba ce. Abin da na iya da hannu zan yi.”

“Baba, bayanka fa?”

Ya gyara ɗaurin garmar, ya ce ta riƙa leƙo mahaifiyarta, ta kuma riƙe aikinta da kyau don mutane da yawa sun samu huɗa ta dalilinta. Ya yi bisimilla ya ɗaga ƙafa, sai a karo na biyu ta haye. Keken ya yi tangal-tangal cikin laka, sannan ya daidaita.

Najiba ta bi shi da gudu 'yan taku, tana kira, takalminta ya maƙale a taɓo. Bai waiwayo ba. Ta tsaya tana kuka a fili kamar ƙaramar yarinya, har dogayen ciyayi suka shanye farar hularsa.

Hansai ta matso ta tsaya kusa da ita. Idonta a bushe yake.

“Idona ba ya gani da nisa,” ta ce. “Cikin kayan da ya ɗaure a baya, kin ga tabarmarsa ta kwana?”

Najiba ta share fuska da bayan hannu. “Na gani, Inna. Tana ciki.”

Hansai ta gyaɗa kai, ta ja mayafinta.

“To mu je gida. Ba yau zai dawo ba.”